Birnin Petra: Samudawa Ne Suka Sassaƙa Shi, Ko Kuwa Wasu Ne?

Takardar da za mu ɗauka a wannan mako ta fito ne daga wani malamin makaranta mazaunin Ƙofar Doka a cikin birnin Zariya. Ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu bayan sallar lisha, a kan hoton wani ƙaton gini ja da aka sassaƙa a jikin dutse. Wasu suka ce ai waɗannan gidajen Samudawa ne, mutanen Annabi Salihu (AS) da aka halaka, saboda haka bai kamata Musulmi ya taka wurin ba. Wasu kuma suka ce ina, wannan birnin Petra ne, kuma Rumawa ne suka gina shi. Shi kuwa malamin namu ya ɗaura niyyar zuwa Umra, har yana tunanin ko zai ratsa ya ga wurin da idonsa, shi ya sa yake so a warware masa zare da abawa kafin ya kashe kuɗinsa. Sa'an nan akwai wata ɗaliba daga Tudun Wada da ta aiko da tata tambayar, ta ce idan har mutanen da can sun iya sassaƙa dutse haka, me ya hana namu kakannin su yi wa Kufena irin wannan aiki? Za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

To Malam, mun gode da wannan takarda. Abu na farko da za ka gaya wa mutanen majalisa shi ne, wurare biyu ne ake cakuɗawa. Akwai Petra, wadda Larabawa ke kira Batra'u, tana kudancin ƙasar Jodan, tafiyar kamar awa uku a mota daga Amman babban birnin ƙasar. Akwai kuma Hijir, wato Mada'in Salihu, shi kuma yana cikin Saudiyya, arewa da Madina da fiye da kilomita 300, kusa da garin Al-Ula. Tsakanin wuraren biyu akwai kimanin kilomita 500. Abin da ya sa suka yi kama har ake rikita hotunansu shi ne al'umma ɗaya ce ta yi sassaƙar duka biyun, wato Nabatawa, wasu Larabawa da suka yi mulki a wannan yanki a daidai zamanin Annabi Isa (AS). Ba Rumawa ba ne, ko da yake magina nasu sun ari salon ginshiƙai daga Girka da Iskandariyya ta Masar. Idan hoton da kuka gani mai hawa biyu ne da ginshiƙai shida a ƙasa, to wannan ita ce Khazna ta Petra. Maganar Samudawa kuwa tana da alaƙa da Hijir, kuma za mu zo kanta.

Su wane ne Nabatawa? Labarinsu na farko da aka rubuta ya zo ne daga wani masanin tarihi da ya yi rubutu da Girkanci, mai suna Diodorus, kuma labarin yaƙi ne. A shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, Antigonus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin da suka raba daular Iskandar bayan mutuwarsa, ya ji labarin dukiyar waɗannan Larabawa, sai ya tura musu dakaru 4,000 da mahaya 600. Suka yi dabara suka jira ranar da maza suka tafi cin kasuwa, suka bar tsofaffi da mata da yara da kayansu a kan wani dutse mai wuyar hawa. Cikin dare suka afka, suka kwashi lubban da turare da azurfa mai yawan gaske, suka juya. Amma da suka yi nisa kaɗan sai suka saki jiki, suka yada zango ba tare da gadi mai kyau ba, don suna ganin ba mai iya cim musu. Kafin gari ya waye Nabatawa kimanin 8,000 sun iso, suka far musu suna barci. An ce mahaya wajen 50 ne kawai suka tsira. Bayan haka sai Nabatawan suka zauna suka rubuta wa Antigonus wasiƙa suna ƙarar kwamandansa. Ka riƙe wannan batu na wasiƙa, Malam, domin makiyayan nan sun san rubutu tun a lokacin.

Diodorus ya ce a wancan zamani dokarsu ta hana shuka hatsi, ta hana dasa itacen marmari, ta hana shan giya, ta kuma hana gina gida, wanda ya karya kuwa hukuncinsa kisa. Dalilinsu shi ne duk wanda ya mallaki gona da gida, mai ƙarfi zai iya tanƙwara shi. Makaminsu na gaskiya shi ne ruwa. Suna haƙa manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa, su shafe cikinsu, su bar musu ɗan ƙaramin baki, su cika su da ruwan sama, sa'an nan su rufe su ɓad da sawu, su bar wata alama da su kaɗai suka gane. Idan abokan gaba suka biyo su sai su shige hamada, su suna sha, mai bin su ƙishirwa ta gama da shi.

Sana'arsu kuwa fatauci. Lubban da murru suna fitowa daga kudancin Arebiya, wajajen Yaman da Oman na yau, kuma a wancan zamani babu ɗakin bauta ko gidan sarki ko jana'izar babban mutum a Masar da Girka da Rum da ba a ƙona su. Itacen lubban ɗan'uwan hanon nan ne namu, wato ararraɓi, shi kuma murru ɗan'uwan dashi. Ayarin raƙuma kan yi zango 65 daga Yaman kafin ya isa Gaza a bakin Bahar Rum, kuma a kowane zango sai madugu ya biya kuɗin ruwa da na harawa da na masauki da na fito. Nabatawa su ne suka riƙe rabin hanyar nan ta arewa. Har ila yau suna tsamo kwalta da ke tasowa a kan Bahar Luɗu su sayar wa Misirawa. Wanda ya san yadda Agadas ta rayu a kan ayarin gishiri da na Tarabulus ya riga ya fahimci rabin tarihin Petra.

Dukiya kuwa takan canja mutum. Bayan shekara 300 da labarin Diodorus, wani masani mai suna Strabo ya sake bayyana su, sai ka ce wasu mutane ne daban. Yanzu suna da gidajen dutse masu tsada, da lambuna, da sarki. Ya ce bayi ba su da yawa a cikinsu, su suke yi wa junansu hidima, har sarki ma yakan yi wa baƙinsa hidima, kuma yakan tsaya gaban jama'a ya yi bayanin yadda yake tafiyar da mulki. Wani abokinsa da ya zauna a Petra ya gaya masa cewa baƙi ne kullum suke kai ƙarar juna, 'yan gari ba su yi. Ƙarfinsu ya kai har sarkinsu Harisata na uku ya karɓi Dimashƙa wajen shekara ta 85 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma wanda zamaninsa ya fi kowa gine-gine shi ne Harisata na huɗu, wanda Girkawa ke kira Aretas, ya yi sarauta daga shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ta 40 miladiyya, kuma laƙabin da ake buga masa a jikin kuɗi shi ne mai ƙaunar jama'arsa.

Yanzu bari mu shiga garin. Idan ka sauka a Wadi Musa, garin da masaukai suke, za ka gangara da ƙafa har ka iso bakin wani tsagin dutse da ake kira Siƙ. Wannan tsagi ba mutum ya yi shi ba, ƙasa ce ta tsage, ruwa kuma ya goge shi. Tsawonsa ya wuce kilomita ɗaya, a wasu wurare faɗinsa bai fi mita 3 ba, dutse kuma ya tashi dama da hagu har mita 80. Yawancin masu ziyara sama suke kallo. Ni shawarata ka dubi ƙasa, daidai ƙugunka. Za ka ga magudana da aka sassaƙa a jikin dutse tana bin hanyar tun daga farko har ƙarshe, a ɗaya gefen kuma gurbin bututun yumɓu da aka gasa, ana cusa bakin wannan a gindin wancan. Ta nan ake jawo ruwa daga idon ruwan Ainu Musa zuwa cikin gari. A wurina wannan magudana ta fi duk ginshiƙan da ake ɗaukar hoto muhimmanci, domin in babu ita babu su.

Ka duba lissafin da kanka. Ruwan saman da Petra ke samu a shekara bai fi milimita 150 ba. Mu nan Zariya muna samun wajen 1,000, amma ka san yadda ake bin 'yan garuwa a cikin birni idan bazara ta yi. Su kuwa da wannan ɗan ruwa suka shayar da gari wanda masana suka ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 30,000, ban da raƙuman ayari. Duk wani kwari sun yi masa madatsa, duk wani gangare sun yanka masa hanya zuwa rijiyar ajiya, da ƙananan ramukan da ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya wuce. A 1998 masu haƙar tarihi suka gano cewa wani fili a tsakiyar gari, wanda da ake zaton kasuwa ce, ashe lambu ne mai tafkin shaƙatawa, tsawonsa ya haura mita 40, da ɗan tsibiri a tsakiya. A cikin hamada fa! Wannan nuna isa ne, don duk madugun da ya shigo da ƙurar wata biyu a jikinsa ya san gidan masu ƙarfi ya zo.

Sa'an nan ruwan da yake ƙaranci shi ne kuma yake kisa. Idan aka yi ruwa a kan duwatsu, duk sai ya tattaru ya auko cikin Siƙ gaba ɗaya. Nabatawa sun gina madatsa a bakin tsagin, suka huda dutse suka yi rami mai tsawon kusan mita 90, suka karkatar da ambaliya ta zagaye gari. Da aka yi ƙarnuka ba gyara, madatsar ta rushe. A 1963 ambaliya ta rutsa da wasu masu ziyara 'yan Faransa a cikin Siƙ, mutum fiye da 20 suka mutu. Da gwamnatin Jodan ta tashi neman magani, ba ta sami dabarar da ta fi ta masu wurin ba, sai ta sake gina madatsar a inda take, ta mai da ruwa tsohon raminsa.

Kana cikin tafiya a duhun tsagin nan sai kawai ka hango haske, sai ga Khazna a gabanka, tsayinta kusan mita 40. Sunan na nufin taska, ko baitulmali, kuma Larabawan ƙauye ne suka sa mata, don sun yi imani Fir'auna ya ɓoye dukiya a cikin tulun da ke can ƙololuwa. Har yau ana ganin tabon harsashi a jikin tulun, na masu harbi don zinariya ta zubo. Tulun kuwa dutse ne zalla, ba rami a cikinsa. Yadda aka yi aikin shi ne daga sama ake farawa. Magina su hau, su yanki wurin tsayawa, su daidaita fuskar dutse, su sassaƙa suna saukowa, abin da suka taka jiya shi za su sassaƙe yau. Kuskure ɗaya ba shi gyaruwa, don ba a mai da dutsen da aka cire. Mun san haka ne saboda akwai waɗanda ba a gama ba, sama an ƙawata, ƙasa kuwa dutse ne yadda Allah ya yi shi.

To ga abin da zai ba mutanen majalisa mamaki. Bayan wannan ƙasaitacciyar fuska, ɗaki ne kawai mai kusurwa huɗu da wasu ƙananan ɗakuna, ba taga, ba madafa. Khazna ba gida ba ce, ba fada ba ce. Mafi yawan masana sun tafi a kan kabarin sarki ne, kuma a 2003 aka tono wasu kaburbura a ƙarƙashinta, a 2024 kuma aka sami wani mai ƙasusuwan mutum 12. Haka ɗaruruwan fuskokin da ke jikin duwatsun Petra, galibinsu makwantan matattu ne, wasu kuma zaurukan da dangi ke taruwa su ci abinci don tunawa da mamaci. Rayayyu a tsakiyar kwari suka zauna, cikin gidajen da aka gina da tubalin dutse, kuma waɗannan girgizar ƙasa ta zubar da kusan dukkansu. Babban ginin da ya rage a tsaye shi ne ɗakin bautar da ake kira Ƙasrul Binti, wanda magina suka jera katako a tsakanin sahun duwatsunsa, abin da ya taimaka masa ya jure girgiza. Wato mai ziyara yau maƙabartar gari yake gani, garin kansa yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin bautarsu babba shi ne Zus-Shara, sa'an nan akwai Lata da Uzza da Manata. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne ga duk wanda ya yi karatun tafsiri, su ne dai gumakan da Larabawa suka ci gaba da bauta wa har zuwan Musulunci. Sau da yawa ba su yi musu siffar mutum, sai dai dutse mai kusurwa huɗu a cikin ɗan gurbi.

Yanzu sai batun Hijir da Samudawa, inda nan ne gardamar take. Hijir shi ne birni na biyu na Nabatawa, a iyakarsu ta kudu. Akwai manyan kaburbura 111 a wurin, 94 daga ciki masu ado a fuska, da rijiyoyi fiye da 100. Abin da Hijir ya fi Petra da shi shi ne rubutu. A saman ƙofofin kaburbura da dama an sassaƙa bayani kamar takardar mallakar fili: wane ɗan wane ne ya yi wannan kabari don kansa da 'ya'yansa da zuriyarsa, duk wanda ya sayar ko ya jinginar ko ya ba da haya ko ya binne bare a ciki, la'anar Zus-Shara da Manata ta hau shi, kuma zai biya tara kaza ga abin bauta da sarki. Wani rubutun har Hubal ya ambata. A ƙarshe sai a sa wata da shekarar sarautar sarki, wani lokaci har da sunan maginin. Da yawa daga masu kaburburan mata ne da suka mallaka da sunansu, kamar wata Hinat 'yar Wahbu da ta yi nata wajen shekara ta 60 miladiyya. Idan aka bi waɗannan kwanakin, duk sun faɗo ne daga farkon miladiyya zuwa shekara ta 75.

Samudawa kuwa fa? Alƙur'ani ya ba da labarinsu a wurare da yawa, ya ce suna sassaƙa gidaje daga duwatsu, kuma sura ta 15 sunan Hijir take ɗauke da shi. A cikin Suratu Gafir, mumini daga mutanen Fir'auna ya gargaɗi jama'arsa da abin da ya sami mutanen Nuhu da Adawa da Samudawa. Ke nan halakar mutanen Annabi Salihu ta riga zamanin Annabi Musa (AS), shi kuwa Annabi Musa ya riga Annabi Isa da fiye da shekara dubu. Saboda haka kaburburan da ke ɗauke da sunayen sarakunan Nabatawa ba za su zama aikin mutanen Annabi Salihu ba, tazarar ta yi yawa. Wannan bai kore cewa kwarin shi ne Hijir ba. Wuri mai ruwa a hamada ba ya zama kango, al'umma takan tafi wata ta zo ta zauna a kan kufanta. A wannan yanki an yi Dadanawa, an yi Lihyanawa, kafin Nabatawa su zo. Shi kansa sunan Samud ya daɗe yana yawo a Arebiya: Sargon na biyu, sarkin Assuriya, ya ambace shi cikin ƙabilun da ya yaƙa wajen shekara ta 715 kafin haihuwar Annabi Isa.

Game da shiga wurin, abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir a hanyarsa ta zuwa Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Ya hana sahabbai shiga wuraren waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, ya umarta a zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyin wurin, a ba raƙuma ƙullin da aka kwaɓa da shi, a sha daga rijiyar da taguwa take sha, kuma ya rufe kansa ya yi sauri har ya wuce kwarin. Ibn Baɗuɗa, da ya bi ayarin alhazan Sham a 1326, ya tarar mutane na kiyaye wannan, ga ƙishirwa ga ruwa amma ba su sha. An sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2008, shi ne ma na farko a ƙasar, kuma yanzu a buɗe yake ga masu ziyara. Wannan fili namu ba na fatawa ba ne, Malam, kana da malamai a unguwarku, ka kai musu batun Hijir da waɗannan bayanai a hannunka. Amma Petra ta Jodan ba ita ce hadisin ya ambata ba, kuma ba ta hanyar Tabuka daga Madina take ba.

Yaya aka yi birni irin wannan ya mutu? Ba a rana ɗaya ba. Matuƙan jiragen ruwa na Masar sun gane lokutan iskar tekun Indiya, sai kaya suka riƙa bin Bahar Maliya zuwa gaɓar Masar, a bi kogin Nilu da su zuwa Iskandariyya, ba a bukatar raƙumin kowa. Wata hanyar kuma ta koma arewa ta Tadmur. Sarkinsu na ƙarshe, Rabbil na biyu, ya mutu a shekara ta 106, sai Tarajan sarkin Rum ya haɗe ƙasar cikin daularsa, daga baya hedkwata ta zauna a Busra, garin nan na Sham da masu karatun sira suka sani da labarin Bahira. Mu ma mun ga irin wannan. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911, ayarin Tarabulus bai daɗe ba ya mutu, kuma a nan gida ciniki ya koma bakin tasha, Sabon Gari ya tashi. Petra dai ta ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin Rumawa, har da sabon titi mai ginshiƙai. Girgizar ƙasa ta watan Mayu na 363 ce ta rusa wajen rabin gari ta lalata hanyoyin ruwa. Duk da haka mutane sun zauna, sun zama Kirista, sun mai da wani babban kabari coci, kuma a 1993 aka sami takardu kusan 140 da gobara ta babbake a wani coci, na ƙarni na 6, cike da maganar gado da gonaki da haraji. Bayan nan sai garin ya yi ta raguwa har ya koma wurin makiyaya.

A littattafai za ka ga an ce wani Bature ɗan Suwizalan, Burckhardt, shi ya gano Petra a 1812. Lokacin da nake koyarwa a firamare, duk shekara sai wani yaro ya tambaye ni yaya Mungo Park ya gano kogin Kwara alhali ya tarar da masunta a kai. To haka wannan ma, Larabawan wurin ba su taɓa ɓatar da shi ba, Turai ce ba ta sani ba. Abin sha'awa shi ne ƙungiyar da ta aiko Mungo Park daga London ita ce ta ɗauki Burckhardt, kuma aikin da ta ba shi shi ne ya ratso Sahara daga Alƙahira ta Fezzan ya binciko kogin Kwara. Wato wajenmu ya nufo. Ya zauna a Halab ya koyi Larabci, ya ɗauki sunan Shehu Ibrahim, kuma a hanyarsa ta zuwa Masar ya ji labarin kangon. Da yake mutanen wurin ba su yarda da baƙo mai leƙe-leƙe ba, sai ya ce ya yi bakance zai yanka akuya a dutsen da ake danganta kabarin Annabi Haruna (AS) da shi, hanyar kuwa ta cikin Siƙ take bi. Ya mutu a Alƙahira a 1817 yana jiran ayarin Fezzan, bai taɓa ganin Kwara ba. Ƙabilar Bidul kuwa sun ci gaba da zama a kogunan har 1985, shekarar da Petra ta shiga jerin UNESCO, aka tashe su aka mai da su wani sabon ƙauye a gefe.

Na ce ka riƙe batun wasiƙa. Nabatawa sunayensu na Larabci ne, amma rubutunsu na hukuma da harshen Aramiyanci suke yi. Da yake 'yan kasuwa ne masu rubutu da tawada cikin sauri, sai haruffansu suka riƙa haɗuwa da juna. Daular ta faɗi amma rubutun bai faɗi ba. A Hijir akwai rubutun kabari na shekara ta 267 wanda Larabci ya cakuɗu da Aramiyanci a cikinsa, a Namara ta kudancin Siriya kuma akwai na wani sarki Imru'ul Ƙaisi na shekara ta 328, harshen Larabci ne, haruffan na Nabatawa. Mafi yawan masana sun yarda daga wannan rubutu ne haruffan Larabci suka fito. Ke nan babbaƙun da yaro ke koya a allo a zauren malam, da ajamin da kakanninmu suka yi wasiƙa da waƙa da shi, jikokin rubutun fataken Petra ne.

Saura ke, 'yata ta Tudun Wada. Ba ƙarancin basira ba ne, bambancin dutse ne. Dutsen Petra yashi ne da ya dunƙule, yana da laushi, ƙarfe na cin sa, shi ya sa ma iska da ruwa da hannun masu ziyara suke cinye shi a yau. Kufena kuwa da Madarkaci irin dutsen nan ne mai tauri da ake dutsen niƙa da shi, wanda sai da wuta ko nakiya ake fasa shi. Mutanen da suka zauna a gindin Kufena da Turunku, tun kafin a kafa birnin Zariya na yanzu, sun ɗauki dutse a matsayin mafaka da wurin hangen abokan gaba, suka kewaye shi da ganuwa, kuma masana na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi sawun waɗannan ganuwoyi sun auna su. Abin da ƙasarmu ta ba magina shi ne jar ƙasa da azara da makuba, kuma da su Babban Gwani ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Ganuwar birni ta haura kilomita 14, duk da kwando aka ɗauki ƙasarta. Illar gini da ƙasa ita ce yana son yaɓe duk shekara, mu kuwa mun daina yaɓe mun koma ɗiban ƙasar ganuwa muna buga bulo, wasu ma sun kafa gida a kanta. Idan kuma ginin dutse kike son gani ba sai kin yi fasfo ba, akwai kangon Surame na Kanta a jihar Sakkwato, da Sukur a kan duwatsun Adamawa, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1999.

Malam, in ka yanke shawarar zuwa Petra, ka sani bizar Saudiyya ba ta kai ka Jodan, wata ce daban za ka nema, kuma kuɗin shiga wurin ba kaɗan ba ne. Ka ware yini guda cur, biyu in da hali. Daga ƙofa zuwa tsakiyar gari tafiyar kilomita 4 ce, kuma in kana son ganin Dair, wadda ta fi Khazna girma, sai ka hau matakala wajen 800, don haka ka bar takalmin zuwa Juma'a a masauki. Su damunarsu a lokacin hunturunmu take, daga Nuwamba zuwa Maris, da sanyi mai shiga ƙashi. A Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban masu ziyara saboda ambaliya. Idan ka ga hadari ya haɗu a kan duwatsu, ko masu gadi suka ce a fita, kada ka tsaya ɗaukar hoto a cikin Siƙ.